Yadda muka shirya autanmu don duba hanji da kyamara (zare 🧵)

1/ Jama'a, zaren nan dogo ne, ku yi haƙuri da ni. Magana ce a kan jini a bayan gidan yara, da wani gwaji da ake kira kolonoskofi. Na san ba hirar da ake so a yi a fili ba ce, amma kunyar nan tana cutar mana da yara. An yi wa autanmu mai shekara 6, ni da Umma muka yi jinyar.

2/ Ni ba likita ba ce. Ɗaliba ce a KASU, karatuna ma ko hanya bai haɗa da asibiti ba. Abin da zan faɗa shi ne bayanin da likitoci suka yi mana da abin da idona ya gani. In takardar da likitanku ya ba ku ta saɓa da maganata, tasa za ku bi, ba tawa ba.

3/ Wajen wata 5 Auta yana bayan gida da jini. Ba kullum ba. Yau a gani, a yi kwana huɗu babu, sai kuma ya dawo. Jini ja, a saman kashin ko a ƙarshe. Ba ciwon ciki, ba zazzaɓi, yana ƙwallonsa a layi kamar kowa. Rashin ciwon nan shi ya sa mutane da yawa suka ɗauki abin da sauƙi.

4/ Kun dai san gidajenmu. Kowa ya zo da nasa sunan. Hajiya kaka ta ce basir ne, gadon gida ne. Wata maƙwabciya ta ce ɗankanoma. Wani mai kemis ya ce atuni, ya haɗa magani har sau uku. An sha jiƙo, an yi zaman ruwan ɗumi, an hana shi yaji da zaƙi. Jini dai bai fasa zuwa ba.

5/ Abin da ya tayar wa Umma hankali shi ne tafin hannunsa da cikin idonsa sun fara fari, ga saurin gajiya. Yaron da sai an yi da gaske yake shigowa gida da magariba, ya koma kwanciya tun la'asar. Da aka gwada jininsa a asibiti aka ce ya yi ƙasa. Ɗigon da ake rainawa ashe taruwa yake yi.

6/ Likitar yara ta faɗi wata magana da har yau take kaina: basir ba kasafai yake kama ƙananan yara ba. In yaro yana zubar da jini ta dubura, akwai abubuwan da ake fara tunani: tsagewar dubura saboda taurin bayan gida, atuni, tsutsar tsargiya mai kama hanji, kumburin hanji, ko ɗan tsiro a cikin hanji.

7/ Tsiron nan suna ce masa "folif". A yara ya fi fitowa tsakanin shekara 2 zuwa 10, kuma babbar alamarsa jini ba tare da ciwo ba. Galibinsa ba kansa ba ne. Amma muddin yana nan zai riƙa zubar da jini, kuma babu jiƙon da zai cire shi. Sai an shiga an gani da ido.

8/ An yi gwajin bayan gida, an duba duburar, ba a ga tsagewa ba. Sai aka tura mu wurin likitan hanji. A nan Kaduna in lamari ya wuce ƙaramin asibiti, yawanci asibitin koyarwa ake nufa, irin Barau Dikko, ko a wuce Shika a Zariya. Ku riƙe takardar turawa da kyau, ita ke buɗe ƙofa.

9/ To mene ne kolonoskofi? Wani siririn bututu ne mai lanƙwasuwa, kaurinsa kamar yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Ana shigar da shi ta dubura, likita yana kallon cikin babban hanji a allo. A jikin babban mutum hanjin nan ya kai wajen mita ɗaya da rabi. In an ga tsiro, nan take ake cire shi, ba yanka ciki.

10/ Ba sabon abu ba ne da za a ce gwaji ake yi da 'ya'yanmu. Tun 1969 wasu likitoci biyu a birnin New York na Amurka, William Wolff da Hiromi Shinya, suka fara cire tsiron hanji ta wannan hanya da ɗan zargen waya. Kafin nan, tsiron da ya yi nisa a ciki sai an buɗe cikin mutum.

11/ Rigimar farko ba da yaron aka yi ta ba, da manya aka yi. Hajiya ta ce ita ba za a tozarta mata jika ba, ta ina za a ce za a sa wa yaro ƙarfe? Abba ya yi shiru, shirun da ke nufin bai gamsu ba. Umma ba ta yi musu da kowa ba. Ta dai roƙi Abba ya zo ya ji daga bakin likita.

12/ Abba ya je da tambayoyinsa a rubuce. Zai ji zafi? A'a, barci za a sa shi. Akwai hatsari? Akwai, ba su ɓoye ba: zubar jini bayan cire tsiro, ko hujewar hanji, amma ba safai ake samu ba. In aka bar shi fa? Jini zai ci gaba da raguwa. A nan ya sa hannu a takardar amincewa.

13/ Hajiya kuma Abba ne ya same ta da kansa. Ya ce, "Hajiya, neman magani ne. Uwarsa na wurin, barci zai yi, ba abin da zai sani." Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce Allah ya sa a dace. Shawarata: in akwai babba mai ja a gida, a tura masa wanda yake jin maganarsa, kar a yi ta gardama a tsakar gida.

14/ Yanzu ga asalin abin da ya sa na yi zaren. Aikin kansa bai fi minti 30 zuwa awa ɗaya ba. Wahalar tana gida, wajen wanke hanji. Kyamara ba ta gani ta cikin kashi. In hanji bai fita tas ba, likita na iya wuce tsiro bai gani ba, ko a ɗaga aikin, a sake biyan kuɗi, yaro ya sake shan wuya daga farko.

15/ Saura mako guda: aka ce mu tsayar da maganin ƙarin jinin da yake sha, mai sinadarin ƙarfe. Yana baƙanta bayan gida, yana sa shi danƙo, ya manne a bangon hanji. Ku faɗa wa likita DUK abin da yaro yake sha, har na gargajiya. In yana da sikila, ciwon suga, asma ko ciwon ƙoda, ku faɗa tun ranar farko, shirinsu daban ne.

16/ Saura kwana 3: aka canza abinci. Duk mai ɓawo, mai 'ya'ya ko mai dusa aka ajiye. A yaren tukunyarmu: ba wake, ba zogale, ba alayyahu, ba kuɓewa, ba gyaɗa, ba riɗi, ba aya, ba dabino, ba gwaiba, ba kankana, ba dambu. Ƙananan 'ya'yan nan suna maƙalewa a hanji, suna kuma iya toshe bututun.

17/ Abin da ya ci: farar shinkafa, farin burodi, taliya, dafaffen ƙwai, kifi, tsokar kaza. Wannan matakin bai ba mu wuya ba, shi a ganinsa ma gata ake masa. Sai dai a sa ido a waje. Umma ta gaya wa malamarsu ta boko da malamin Islamiyya, ta kuma hana a ba shi kuɗin tara, don kar ya saya a bakin makaranta.

18/ Gaya wa yaron. Wasu sun ce kar a faɗa masa komai, a ce kawai unguwa za a je. Umma ta ƙi. Ta ce yaron da aka yaudara zuwa asibiti sau ɗaya, ya daina yarda da kai ke nan. Saura kwana 2 muka zaunar da shi. Ba a yi da wuri sosai ba don kar ya kwana bakwai yana tunani.

19/ Ni na yi masa bayanin. Na ce, "Auta, ka san jinin nan da kake gani? Likita zai leƙa cikinka da 'yar kyamara ya ga inda yake fitowa, ya gyara. Kana barci za a yi. Amma sai mun wanke cikin tukuna, kamar yadda ake wanke kwalba kafin a zuba zoɓo." Ya ce, "Yaya, da omo?" 😭

20/ Ya tambaya ko za a yi masa allura. Na ce e, guda ɗaya a bayan hannu, za ta yi zafi kaɗan kamar cizon tururuwa, sai ta wuce. Ya tambaya ko zai farka. Wallahi sai da na haɗiye wani abu. Na ce zai farka in sha Allahu, kuma fuskar Umma zai fara gani. Kar ku ce wa yaro "ba zafi" alhali akwai.

21/ Akwai wata magana mai muhimmanci da Umma ta yi masa. Mun daɗe muna koya masa cewa ba wanda ke da izinin taɓa masa al'aura. Sai ta ce, "Wannan likita ne, magani zai yi maka, da sanina da sanin Abbanka, kuma muna nan. Ban da haka dokarmu tana nan yadda take." Kar a rushe wancan darasin garin neman magani.

22/ Jajiberi, ranar Litinin. Ranar ruwa zalla. Ƙa'idar da nas ta ba mu mai sauƙi ce: zuba a kofin gilashi, in kana hango yatsanka ta ciki, ya halatta. Ruwa, ruwan gishiri da suga na ORS, shayi ba madara, romon kaza da aka tace tas ba mai, lemon kwalba fari irin Sprite.

23/ Ga inda mutanenmu ke faɗawa: koko, kunun zaƙi, kunun gyaɗa, fura da nono, madara, duk BA ruwa zalla ba ne. Mu a wurinmu "bai ci komai ba, kunu kawai ya sha" magana ce daidai. A wurin kyamara kunu abinci ne. Sai kuma zoɓo: an hana shi gaba ɗaya, saboda jansa yana kama da jini a cikin hanji.

24/ Maganin wankin: wani gari ne a 'yan fakiti, sunan sinadarinsa PEG, ana narkar da shi a ruwa. Aikinsa ya riƙe ruwa a cikin hanji ya wanko komai. Yawansa da nauyin yaro ake aunawa, shi ya sa ba zan rubuta adadi a nan ba. Na ɗan maƙwabta ba naka ba ne. Wasu asibitocin suna raba shi biyu, yamma da asuba.

25/ Hajiya ta ce in dai gudawa ake so, ai ga filasko. Abin mamaki, ba ta yi nisa da gaskiya ba: filasko ɗan gidan ganyen sana ne, wanda ake yin maganin sa gudawa na asibiti da shi. Bambancin shi ne awo. Jiƙo ba wanda ya san ƙarfinsa, kuma yaro ƙarami ruwan jikinsa saurin ƙarewa yake. Kar a haɗa da komai, kar a yi masa bututu a gida.

26/ Kofin farko ya shanye da jarumta. Na biyu ya yamutsa fuska. Na uku ya ce shi ya warke, a bar shi. 😅 Maganin yana da ɗan gishiri-gishiri, kuma yawan ne ke gundurar yaro. Daga nan aka shiga lallashi na gaske. Ga dabarun da suka yi mana aiki:

27/ • Sanyi. Mun sayi ƙanƙara muka sa a kula, don ba a dogara da wuta.
• Ƙaramin kofi, kaɗan-kaɗan duk bayan minti 10 zuwa 15. Babban jug yana karya zuciya.
• Robar zuƙar lemo, don ya wuce harshe da sauri.
• Kurɓin Sprite a bayan kowane kofi.
• Kwali da na zana wa akwatuna, kowane kofi ya manna tauraro da hannunsa.

28/ Da ya ce zuciyarsa na tashi, muka dakata rabin awa kamar yadda aka gaya mana, sannan muka ci gaba a hankali. Ba duka, ba tsawa, ba toshe hanci a ɗura. Ɗure yana kawo amai, amai kuma asarar magani ne. In yaro ya yi ta amai ya kasa riƙewa, a kira asibiti. Ku karɓi lambar da za ku kira tun kafin ranar.

29/ Abin da ya fi taɓa ni: gidanmu gaba ɗaya ba wanda ya ci abinci a gabansa. Umma ba ta soya ko albasa ba ranar, don ƙamshi. Abba da yayyena maza a wurin mai shayi suka ci. Hajiya da ta fi kowa adawa, ita ta zauna da shi a tabarma tana shan ruwan ɗumi, wai ita ma wankin ciki take yi. Allah ya bar mana tsofaffinmu.

30/ Bayan kamar awa biyu aka fara zarya. Ku tanadi ruwa, mun sayi kura guda wurin 'yan garuwa tun safe. Ku ajiye fo kusa da shimfiɗa, da leda a ƙarƙashin zanin gado, da wanduna da yawa, da fitila mai caji. A wanke da ruwa, a shafa Vaseline tun kafin wurin ya fara ja. In ya ɓata wando, ba dariya, ba faɗa.

31/ Abin lura shi ne ƙarewar ruwan jiki. Bushewar baki, kuka ba hawaye, daɗewa ba fitsari, jiri, yaro ya yi laushi ya ƙi magana. Saboda haka tsakanin kofunan magani ana ci gaba da ba shi ORS da ruwa mai suga. In alamun nan suka bayyana, ba jiran safiya, asibiti kai tsaye.

32/ Ta yaya za a san hanji ya fita? Da kallo. E, sai an duba fo. Daga kauri zai koma ruwa mai duhu, ya koma ruwa mai gari-gari, a ƙarshe ya zama ruwa garau mai ɗan rawaya kamar fitsari. Wannan ake nema. Namu ya kai haka wajen ƙarfe 11 na dare. Ban taɓa zaton zan yi murna da abin da ke cikin fo ba.

33/ Safiyar Talata. An ce ko ruwa ya tsaya awa 2 kafin lokacin aiki. Dalili: in akwai abu a ciki aka sa barci, yana iya tasowa ya shiga huhu. Wannan dokar ba ta da "ɗan kaɗan". Ku sa ido a kan masu tausayi, domin mai ba yaro biskit a ɓoye da kyakkyawar niyya yake yi. In ya ci wani abu, a faɗa wa likita gaskiya.

34/ Mun fita da sassafe don kar cunkoson Kawo ya riƙe mu, da tawul a kan kujera. A jaka: katin asibiti, sakamakon gwaje-gwaje, rasit, kayan canji, zani, da motarsa ta wasa. Likitan barci ya duba ƙirjinsa, ya tambaya ko yana tari ko mura, ko akwai haƙori mai girgiɗi. Akwai kuwa, guda ɗaya a gaba.

35/ Da aka zo sa allurar hannu ya yi kuka, amma bai yi fizge-fizge ba. Ya kalle ni ya ce, "Yaya, tururuwar ce?" Na ce ita ce. Umma ta riƙe ɗaya hannun tana masa addu'a a kunne har aka tura gadon. Sai da ƙofa ta rufe sannan ta bar hawayenta suka zubo. Yara fuskarmu suke karantawa, ba maganarmu ba.

36/ Ba a cika awa ɗaya ba likita ya fito. Tsiro guda ɗaya, mai ɗan wuya kamar naman kaza, a ƙasan hanji. An cire. Ya nuna mana hotonsa, ya kuma ce hanjin ya wanku sosai, ya ga ko'ina. Abba ya daɗe yana kallon hoton nan. Abin da ya sha mana jinin yaro wata 5 bai kai girman dabino ba.

37/ Ya farka yana magagi, yana tambayar ko an fara. 😂 Cikinsa ya ɗan kumbura saboda iskar da ake hurawa don hanji ya buɗe, ya yi ta sakin tusa, nas ta ce haka ake so. Aka fara da ruwa, sannan shayi da burodi. Da yamma muna gida. Abin da ya fara nema: shinkafa da wake da mai da yaji. An ce ya ɗan jira.

38/ Bayan aiki: ɗan ɗigon jini a bayan gida na farko ba abin tsoro ba ne. Amma jini mai yawa ko gudaji, ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tauri, zazzaɓi, ko amai ba tsayawa, a koma asibiti nan take. Jini na iya ɓallewa ko bayan kwanaki, har zuwa mako 2, don haka ba a sakin jiki da wuri.

39/ Tsiron an kai shi ɗakin gwaji. Kar ku bar wannan matakin don kun ga jini ya tsaya, shi ke tabbatar da irin tsiron. Namu ya fito irin na yara ne, ba kansa ba. Likita ya ce da sun yi yawa, ko akwai masu irinsa a dangi, da sai an riƙa bibiya. Ya koma shan maganin ƙarin jini, tafin hannunsa ya dawo ja.

40/ Maganar kuɗi: ba arha, ba zan yi muku ƙarya ba. Ku nemi a rubuta muku lissafi gaba ɗaya tun farko: aikin, sa barci, maganin wanki, gwajin jini, gwajin tsiro. In kuna da inshorar lafiya, ta tarayya ko KADCHMA ta jiha, ku tambaya abin da ta ɗauka kafin ranar. Kuma ku tuna kuɗin da ake zubarwa a kemis wata da watanni shi ma kuɗi ne.

41/ 'Yan uwana ɗalibai, mu ne masu waya da karatu a gidajenmu. Takardar shirin da Turanci ake ba da ita. Ku zauna ku mayar wa iyaye da Hausa, abinci da sunansa na gida, lokaci da lokacin salla: "bayan azahar kofi na farko", "daga asuba ba ruwa". Na manna tamu a ƙofar kicin, kowa ya bi.

42/ Ku tambayi ƙannenku, ku tambayi masu wanke musu. Yaro ɗan shekara 6 da ke shiga banɗaki shi kaɗai zai iya ganin jini ya yi shiru don tsoron faɗa. In kun gani fiye da sau ɗaya, asibiti, kafin a raɗa masa suna basir. Ku tura wa iyaye mata da ke rukunin gidanku na WhatsApp. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya raya mana yaranmu. Amin. 🤲